Zaɓen Harsashi Don Farautar Manyan Dabbobi Daga Nesa

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa tsaunukan Rocky da ke yammacin Amurka, jihohin Colorado, Wyoming da Montana, inda ake farautar elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai ƙaho reshe-reshe. Namijinta yakan haura kilo 300. A irin wannan ƙasa, mafarauci yana gefen kwazazzabo, dabba tana ɗaya gefen, tsakaninsu mita 400 ko 500, kuma babu hanyar matsawa kusa. To, wane harsashi zai ɗauka?

Mafi yawan masu sabon shiga lambar da ke jikin kwali suke kallo, su ce mai inci .30 ya fi mai milimita 6.5. Lambar nan faɗin harsashi kawai take nunawa. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, da wane gudu harsashin zai isa jikin dabba? Harsashin farauta an ƙera shi ne ya buɗe baki idan ya shiga nama, ya faɗaɗa rauni a huhu da zuciya. Mai cikin dalma yana buƙatar gudun kusan mita 550 a sakan kafin ya buɗe sosai. Na jan ƙarfe zalla, wanda tilas ake amfani da irinsa a California tun da aka hana farauta da dalma a 2019, ya fi tauri, gara a ba shi mita 600 a sakan. Ƙasa da haka, sai ya ratsa ya bar ɗan ƙaramin rami, dabba ta gudu da rauni, jini kaɗan, bin sawu ya gagara. Don haka inda gudun ya sauka zuwa wannan mataki, nan ne iyakar bindigarka, ko da kana iya samun allo a nesa da haka.

Mu ɗora sanannun harsasai a kan wannan ma'auni. .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, da nauyin giram 10.7, yakan kai iyakarsa wajen mita 450. .30-06 na 1906 ya ɗan ɗara shi. 6.5 Creedmoor na kamfanin Hornady, na 2007, yana fita da gudun mita 820 a sakan kacal, amma da yake harsashinsa siriri ne dogo, mai giram 9.3, yana riƙe gudunsa har nisan kusan mita 600. 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963 su ne tsofaffin hannu a farautar elk daga nesa. Sai 7mm PRC na 2022, mai giram 11.3 da gudun kusan mita 910 a sakan, wanda a takarda iyakarsa take wuce nisan mita 800. Na ce a takarda, domin gudun da ke jikin kwali da bututun bindiga mai tsawon inci 24 aka auna shi. Duk incin da aka rage, ana asarar mita 7 zuwa 8 a sakan. Sai ka auna taka bindigar da na'urar auna gudu kafin ka yarda da lissafi.

Yanzu batun iska, kuma a nan ne ake yawan tafka asara. Faɗuwar harsashi ba ta da ruɗani sosai: na'urar auna nisa ta ba ka mita 450, ka murɗa madubin saiti ya rama faɗuwar sama da mita ɗaya, shi ke nan. Iska kuwa ƙiyasi ce. Idan tana kaɗawa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa, a mita 450 za ta ture .308 kusan santimita 55, Creedmoor kusan 40, 7mm PRC kusan 30. Wurin da ake so a samu a jikin elk, huhu da zuciya bayan kafaɗa, faɗinsa bai wuce santimita 40 ba. Ka yi kuskuren karanta iskar da rabi, mai .308 ya harbi tumbi. Ga shi iskar da ke inda kake ba lallai ita ce a tsakiyar kwazazzabo ba. Wannan ne ya sa dogon harsashi mai nauyi ya fi gajere mai saurin fita amfani a nesa. Amma dogon yana da sharaɗi: layukan da ke cikin bututu su murɗa shi da sauri, zagaye ɗaya a inci 8. Tsofaffin bindigogin .270 Winchester masu zagaye ɗaya a inci 10 ba sa iya daidaita mafi tsawo, sai ya riƙa lilo a hanya.

Wani zai ce to a ɗauki mafi girma mana. Kafaɗa ce za ta biya. Naushin .300 Magnum ya ninka na Creedmoor sau biyu ko fiye, kuma bindigar hawan dutse da aka rage wa nauyi ta fi duka. Mutum ya sha naushi sau goma, jikinsa zai fara zabura kafin kunama ta saki, ido ya rufe, saiti ya kauce, shi kuwa bai sani ba. Gwajin mai sauƙi ne: abokinka ya cusa harsashin wasa marar albarushi cikin na gaske, ba tare da ka san inda yake ba. Idan bakin bindiga ya sunkuya lokacin da ka ja a kansa, ta fi ƙarfinka. Ƙarfen rage naushi da ake ɗaurawa a baki yana taimakawa ƙwarai, sai dai ƙararsa tana lalata kunne, dole a toshe kunne ko a daji ne.

A sani kuma doka tana da nata ma'auni. A Colorado, mafi ƙanƙantar faɗin da aka yarda shi ne milimita 6, kuma harsashin elk kada ya gaza giram 5.5. Wannan ƙasan layi ne kawai, babu mai hankalin da zai je mita 500 da shi.

A ganinmu, ga barewa da makamantanta Creedmoor ya wadatar. Ga elk kuwa, ƙashin kafaɗarsa mai kauri ne, dangin 7mm da giram 10 zuwa 11.5 su ne tsaka-tsaki mafi kyau, .300 kuma sai ga wanda ya tabbatar jikinsa na ɗauka. Duk wanda ka zaɓa, ka kafa faranti mai faɗin santimita 25, ka kwanta a ƙasa ka ɗora bindiga a kan jakarka, ba a kan tebur ba, bututu da sanyi, ka yi harbi ɗaya. Ka maimaita a ranaku daban-daban, har da ranar iska, kana ƙara mita 50 kowane karo. Nisan da harbin farko ya fara kuskure farantin, ka ja baya da mita 50, ka rubuta lambar ka manna a gindin bindiga.