Jiri da Amai a Mota: Laccar Wayar da Kai Ga Matafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata da ke can baya kuna jina ko? To madalla, in murya ta yi ƙasa a ɗaga hannu.

Maganar yau kan abin da kowa a nan ya sani ce, ko dai kai yake samu ko kuma ka taɓa zama kusa da wanda yake samu, mota ta bar tasha ba a ko fita gari ba ka ga mutum ya yi tsit, goshi na tsattsafo da gumi, yawu ya cika baki, sai hamma, can sai ka ji an ce direba dan Allah akwai leda? Mu kuma abin da muka iya shi ne tsiya, a ce baƙauye ne bai saba shiga mota ba, ko a ce ci ne ya yi masa yawa. To 'yan'uwa abin da nake so ku tafi gida da shi, wannan abu ba daga ciki yake farawa ba, daga kunne yake farawa.

Can cikin kunne, bayan inda tsinken auduga yake kaiwa, akwai wasu 'yan bututu guda 3 a kowane ɓangare masu lanƙwasa, da ruwa a cikinsu, kusa da su kuma akwai wasu 'yan jakunkuna 2 masu ƙananan duwatsu kamar yashi. Aikinsu kenan su gaya wa ƙwaƙwalwa ka juya, ka karkata, an taka birki, an faɗa rami. Ido shi ma yana kai nasa rahoton. Yanzu ka zauna a kujerar baya ta Sharon ka duƙufa kan waya kana duba WhatsApp, ido yana cewa a zaune muke ba inda muka je, kunne yana cewa ƙarya ne gudu muke har da kwana. Kamar shaidu biyu ne gaban alƙali kowa da tasa maganar. A 1977 wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo bayanin cewa in ƙwaƙwalwa ta ga wannan saɓani sai ta ɗauka guba aka ci, tunda guba ma haka take rikita mutum, shi ne take ba ciki umarni ya fitar da abin da ke cikinsa. Masana ba su gama yarda da wannan ɓangaren na guba ba, amma saɓanin ido da kunne kam kusan kowa ya tafi a kai.

Kuma akwai hujja mai daɗin ji. Daga 1958 zuwa 1968 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, da sojan ruwansu sun yi aiki da wasu kurame su 11 daga makarantar Gallaudet da ke Washington, kusan dukansu sanƙarau ne ya kashe musu kunne tun suna yara, wannan dai sanƙarau da muka sani lokacin zafi, ya haɗa har da waɗancan bututun. Aka sa wasu daga cikinsu a ɗaki mai juyawa kwana da kwanaki, ko a jikinsu. Aka ɗauke su a jirgin ruwa wajen gaɓar Nova Scotia ta Kanada teku na hauka, su suna ta karta abinsu, masu binciken ne suka kwanta da amai har aka dakatar da gwajin. Kun ga kenan ba ragwanta ba ce, wanda yake amai a mota kunnensa ne ke aiki.

Direba kuwa ba kasafai yake yi ba, don idonsa da kunnensa ba sa saɓani. Idonsa na kan titi, ya san kwana na zuwa kafin a kai, jikinsa ya shirya. Mutumin da zai tuƙa daga Kano har Legas lafiya lau, ka mai da shi kujerar baya a Hawan Kibo ka ga yadda zai koma. Yara daga shekara 2 zuwa 12 su suka fi fama, jarirai ba kasafai ba, sai masu juna biyu da masu ciwon ɓarin kai.

To me za a yi? Tun a tasha ake farawa. Ki je da wuri Hajiya ki kama gaba, in ta kama a ƙara ɗan kuɗi a ƙara, ya fi miki sauƙi kan wahalar hanya. A babbar bas gaba-gaba, a jirgin sama kujerar da ke saitin fiffike, alhazai a riƙe wannan, a jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna kar ka zauna kana ba gaba baya, a kwalekwale kuma tsakiya. Ka jingina kai kar ya yi ta lilo, ka miƙa ido can nesa inda sama ta haɗu da ƙasa, ba bishiyoyin gefen titi da ke wucewa fiu fiu ba. Waya a aljihu. In ba ka samu taga ba rufe ido, barci ma ya fi. A sauke gilashi iska ta shigo, don warin fetur da hayaƙin taba da turaren nan mai ƙarfi da ake fesawa kafin tafiya duk suna tunzura abin.

Abinci kuma mutane sun kasu biyu kuma duka sun kauce. Wani zai ƙi cin komai tun asuba, wani zai loda masa da miya da mai yana kyalli sannan a hanya ya ƙara da tsire da dafaffen ƙwai. Ɗan abu mara maiƙo, biredi ko biskit ko ɗan kunu, ruwa kaɗan-kaɗan. Citta tana taimakon wasu, a tauna ko a sha a shayi, binciken da aka yi a kanta wani ya ce eh wani ya ce a'a, amma ba ta da tsada ba ta sa barci. Masu zama kan jarida ko sa tsinken ashana a baki, ni dai ba zan yi faɗa da kowa ba, sai dai ba ruwan jarida da kunne.

Magani yanzu, a nan nake so a nutsu. Akwai Stugeron, akwai Avomine, akwai Dramamine, duk ana samu a kemis. Kuskuren da ake yi sai amai ya taso sannan a haɗiya, a lokacin ciki ya riga ya tsaya da aiki, ƙwayar za ta dawo yadda ta shiga. Stugeron awa 2 kafin tashi ake sha, Avomine in tafiyar mai nisa ce tun daren jiya. Akwai kuma wani na mannawa a bayan kunne mai sinadarin hyoscine da ke kai kwana 3, shi ma sa'o'i kafin tafiya ake manna shi, kuma mai hawan jinin ido ko dattijon da fitsari ke masa wuya ya nisance shi. Dukansu suna kawo barci, saboda haka direba da ɗan acaɓa haramiyarsu ne in za su hau titi. Maganin mura da ƙaiƙayi irin su loratadine da ba sa sa barci, ba sa aiki a nan, kar a ɓata kuɗi.

Na'am Baba, tambayarka ita ce yara? Yauwa. Yaron da bai kai shekara 2 ba kar a kuskura a ba shi Phenergan ko Avomine, yana iya danne masa numfashi, kuma wannan ɗabi'a ta ɗura wa yaro don ya yi barci a huta a hanya dan Allah a daina. Wanda ya girmi haka a tambayi likita ko mai ilimin magunguna adadin da ya dace da shekarunsa, mai ciki ma haka, ta tambaya a wajen awo.

In kuma an riga an yi aman, direba ya daure ya tsaya inda yake da aminci, mutum ya sauko ya taka ƙasa ya kuskure baki, ya kurɓi ruwa a hankali. In ya yi yawa musamman ga yaro a haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS. Yawanci da an sauka abin ke lafawa. Amma in an kwana jiri bai tafi ba, ko akwai zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani, ko kunne ya toshe yana ƙara, ko jini a cikin aman, wannan ba na mota ba ne, asibiti za a nufa. Akwai wata tambayar daga ɓangaren mata? A miƙa mata abin magana.