Sharhi: Ɗan aiken da ke sa ciki ya ɗuri ruwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Bahaushe bai taɓa ajiye tsoro a ka ba. In aka buga masa ƙofa da ƙarfi cikin talatainin dare, cewa yake gabansa ya faɗi. In ɗalibi ya hango malami ya shigo da takardun jarrabawa, sai a ce cikinsa ya ɗuri ruwa. Wani kuma hantar cikinsa ce ke kaɗawa. Masu binciken jikin ɗan Adam sun yarda da Bahaushe cewa a nan ake jin abin, amma sun ce ba daga nan ya taso ba. Aiko shi aka yi daga sama, kuma ɗan aiken wani sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, yana da suna: a taƙaice ana kiran sa CRF.

Aikinsa kamar yadda umarni ke fita daga fada ne. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira haifotalamus, girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ga alamar haɗari, sai wannan yanki ya saki CRF cikin wasu siraran hanyoyin jini, ya gangara zuwa fituwitari, wata 'yar halitta kamar ƙwayar gujjiya da ke rataye a ƙarƙashinsa. Ita kuma ta tura nata saƙon, mai suna ACTH, ya bi jini har zuwa wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a kan ƙoda. Su ne ke fitar da sinadarin kotisol, wanda ke ƙara sukari a jini, ya taimaka wajen ɗaga bugunsa, ya ce wa duk aikin da ba na gaggawa ba ya dakata tukuna. Sarki ya umarci hakimi, hakimi ya umarci dagaci. In kotisol ya wadata, sai ya koma fada ya ce saƙo ya isa, a daina aike.

Wannan ɗan aike an raɗa masa suna tun ba a ga fuskarsa ba. A 1955 ne Murray Saffran da Andrew Schally, a birnin Montiriyal na Kanada, suka nuna cewa lallai akwai shi, suka sa masa suna. Kama shi kuwa ya zama jidali. Schally da abokin hamayyarsa Roger Guillemin sun kwashe shekaru suna tsere, kowa da ɗakin bincikensa, har suka gano wasu sinadaran na daban, aka ba su kyautar Nobel a 1977, amma wanda suka fara fita nema ya ƙi kamuwa. Sai a 1981, bayan shekara 26, wani almajirin Guillemin mai suna Wylie Vale da abokan aikinsa a Cibiyar Salk ta Kalifoniya suka tace shi daga ƙwaƙwalen tumaki kusan rabin miliyan. Ku tuna yawan ragunan da kuke gani a kara ana gobe Sallah, sannan ku sake jin wannan adadi. Abin da suka samu kuwa ɗan mitsitsi ne, jerin ƙwayoyi 41 kamar gajeren carbi.

Da an tsaya nan, da labarin na likitoci ne kawai. Amma da aka zuba CRF kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar ɓera, sai aka ga abin mamaki. Ɓeran da ke kai-komo cikin walwala sai ya maƙale a lungu, ya ƙi fitowa fili, ya ƙi abinci, ƙaramin motsi ya firgita shi. Aka cire masa fituwitari, wato aka datse hanyar kotisol gaba ɗaya, duk da haka bai fasa ba. Ashe ɗan aiken ba saƙo kawai yake kaiwa ba, shi ma yana da nasa iko a cikin gida. Ana samun sa a amigdala, sashen da ke tantance abin tsoro, yana kuma zaburar da sashen da ke hana ido runtsawa. Wata masaniya a Los Anjalas, Yvette Taché, ta nuna yadda yake tsayar da aikin tumbi amma ya gaggauta na babban hanji. Don haka yaron da ke zarya zuwa banɗaki da safiyar jarrabawa ba ƙarya yake ba, ba kuma ragwanci ba ne.

A jikin mutane ma an ga sawunsa. A 1984 Charles Nemeroff da abokansa suka auna ruwan laka na masu fama da ciwon tsananin damuwa, suka tarar CRF ya haura na masu lafiya. A 1997 aka ga irin haka a jikin tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, waɗanda shekara ashirin da ɗoriya bayan ajiye bindiga har yanzu suke zabura cikin barci. Duk wanda ya zauna da mutanen da suka tsere wa harin 'yan bindiga ya san wannan zaburar. Haɗarin ya wuce, amma fada ba ta daina aike ba.

Inda na fi so mu tsaya shi ne batun shaye-shaye. George Koob, wanda ya shafe shekaru yana nazarin dabbobin da aka saba wa giya da ƙwayoyi, ya nuna cewa in aka janye musu abin, CRF yana tashi a amigdala, dabbar ta shiga ƙunci da firgici, ta koma neman abin da ƙarfi fiye da da. Ma'ana, mai sha yakan fara ne don neman daɗi, amma yakan zarce ne don gudun azaba. Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kuma hakan daidai ne. Sai dai yaron da aka ƙwace wa kwalba, aka kulle shi a ɗaki, ana cewa ai taurin kai ne, akwai abin da ke ci masa rai wanda bulala ba ta kai wurin. A ganina, iyayen da suka fahimci haka za su fi saurin kai shi asibiti.

To, tunda an san ɗan aiken, an kuma gano ƙofar da yake bugawa a jikin ƙwayoyin halitta tun 1993, me zai hana a toshe ƙofar a huta? Haka kamfanonin magani suka yi tunani, suka zuba maƙudan kuɗi. A jikin ɓera abin ya yi aiki. Da aka zo kan mutane sai murna ta koma ciki. An gwada wani mai suna pexacerfont a kan masu yawan fargaba, bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. An gwada ɗan'uwansa verucerfont a kan masu shan giya da matan da suka gamu da bala'i, nan ma shiru. Wasu masana na ganin CRF ya fi tasiri a daidai lokacin da tashin hankali ke kan ganiyarsa, in fargaba ta yi shekaru kuwa ta riga ta buɗe wasu hanyoyin. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, in manyan ɗakunan bincike sun toshe ƙofa ɗaya fargaba ba ta fita ba, to ku yi hattara da mai tallar gari ko ƙwaya a Facebook da ke cewa zai sauke muku kotisol cikin mako guda.

Wahalar dai ba ta tafi a banza ba. A watan Disamba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani daga wannan dangi, mai suna crinecerfont, amma ba don fargaba ba. Akwai wata cuta ta gado da ake haihuwar yaro da ita, inda tsokokin nan na kan ƙoda ba sa iya yin isasshen kotisol. Tunda babu mai komawa fada ya ce saƙo ya isa, sai aike ya yi ta zuwa babu ƙaƙƙautawa, jiki ya cika da sinadaran maza fiye da kima, girman yaro ya rikice. Maganin yana rage wannan aiken, ya ba likita damar sassauta yawan ƙwayoyin da mai cutar ke sha kullum. An yarda a ba manya, da yara daga shekara 4 zuwa sama.