Yaro a bakin mutane yake koyon magana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata, 'yan'uwa, da mazan da na hango can baya, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri. Masu goyo, in yaro ya yi kuka kada ki tashi ki fita, ai don su muka taru.

An ce in yi magana kan yadda yaro ke buɗe baki tsakanin shekara 1 da 3. Yawancin yara wajen wata 6 zuwa 9 za ki ji sun fara "ba-ba-ba, da-da-da". Kusan shekara guda kalmar farko ke fitowa. In ya cika 2, ana sa ran yana da kalmomi kamar 50, ya kuma fara haɗa biyu: "Mama ruwa", "Baba tafi". Amma kunne ya riga baki fara aiki da nisa, domin tun a watannin ƙarshe na ciki yana jin muryar uwarsa.

To daga ina maganar ke shiga? A shekarar 2003 wata malama mai suna Patricia Kuhl, ta Jami'ar Washington da ke Amurka, ta yi gwaji da jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Wasu aka zaunar da su da masu jin Sinanci har zama 12, ana yi musu wasa, ana buɗe musu littafi. Wasu kuma aka nuna musu waɗannan mutanen a talabijin, magana iri ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. Da aka auna, waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan Sinanci. Na talabijin kuwa ba su ƙaru da komai ba.

Ku riƙe wannan, don a nan ne damuwata take. Yau yaro na yin rigima sai a miƙa masa waya a kunna masa katun, a ce ai yana koyon Turanci. Waya ba ta jiran yaro ya amsa, ba ta ganin inda idonsa ya nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawara kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a rana. Na san gajiya ce, na san aikin gida ba ya ƙarewa. Shi ya sa ba zan ce ki ware wani lokaci na musamman ba. Cikin aikin da kike yi za a yi abin.

Ɗauki wanka. Kin zaunar da shi a baho, soso na hannunki. Maimakon a yi shiru a gama, ki ce, "Kawo hannu. Yauwa, hannu. Ina ɗayan?" Sai ki dakata, ki dube shi. Wannan dakatawar ita ce muka fi tsallakewa. Ƙidaya biyar a zuciyarki. Zai ɗaga hannun, ko ya bugi ruwa, ko ya ce "nu". Duk wanda ya yi, amsa ce. Ki karɓa: "Eh, hannu! Ga kumfa a hannu." Ke kin faɗa, shi ya mayar, kin ƙara masa. Gobe ma wanka za a yi, kalmomin nan za su dawo, kuma maimaicin ne ke zaunar da su.

Wajen abinci ma haka. Uwa ta san abin da ɗanta ke so tun kafin ya nuna, sai ta miƙa masa, ba ta bar masa dalilin buɗe baki ba. Riƙe kofi biyu ki tambaye shi, "Kunu ko ruwa?" In ya ce "wuwa", kada ki ce ba haka ake faɗa ba, kada kuma yayyensa su sa shi a gaba da dariya. Ki mayar masa daidai cikin fara'a: "Ruwa kake so? Ga ruwa." Kunnensa zai gyara masa da kansa.

Goyo alheri ne babba, yaro yana jin ɗumin uwa da muryarta duk inda ta juya. Sai dai a baya ba ya ganin bakinki. In kin sauke shi, ki durƙusa daidai tsayinsa ya ga yadda leɓɓanki ke motsi.

Akwai wata magana da zan faɗa da girmamawa, wato kunyar ɗan fari. Al'adarmu ce, mun gaje ta, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. A babban gida na da, kaka da gwaggo da matan gida su ke cike gurbin, yaro ba ya rasa mai yi masa hira. Yanzu amarya tana gidan haya ita kaɗai daga safe har dare. In ta yi kunya ta yi shiru, wa zai yi wa yaron magana? Ki yi alkunyarki a gaban surukai, amma in kun shiga ɗaki ki sake da ɗanki.

Maza, ku ma da naku. In za ka ba awaki dusa, tafi da shi, ka ce "ga akuya, me akuya ke cewa?" In kana alwala yana kallo, faɗa masa fuska, hannu, kai, ƙafa. Kakanni kuma kada ku bar tatsuniya ta mutu. In kin ce "ga ta nan ga ta nanku", ai dole a amsa "ta zo mu ji ta", kin ga tun daga farko ana koya wa yaro karɓa da mayarwa.

Ana yawan tambayata ko harshe biyu na rikita yaro. Ba ya rikita shi. Gidan da uwa ke Fulatanci ko Barbarci, uba ke Hausa, yaro zai ɗauki duka, ko da ya gauraya su da farko. Ki yi masa harshen da kika fi sakewa a ciki. Hausa mai yalwa ta fi masa amfani a kan guntun Turancin da ba ya wuce "zo" da "zauna".

Kada kuma wani ya ce wannan harkar masu kuɗi ce. A birnin Kingston na Jamaika, daga 1986, an bi yara 129 na gidajen talakawa waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasunsu ma'aikatan lafiya na zuwa gidajensu mako-mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan kusan shekara 20 aka sake nemo su, aka tarar abin da suke samu ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100.

Saura batun jinkiri. Sau da yawa za ki ji an ce "ai namiji ne", ko "ubansa ma bai yi magana da wuri ba". Wani lokaci haka ne, yaron ya zo ya kamo. Amma in ya kai wata 9 ba ya waiwayo idan an kira shi, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko yana magana da can ya daina, to kada a zauna jira. Abin da za a fara dubawa shi ne kunne. A ƙasarmu sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani ta jarirai duk suna iya taɓa ji, haka ma kunnen da ke yawan zubar da ruwa, wanda muke ɗauka ƙaramin abu muna ɗiga masa mai. A je asibiti a nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a ce a auna jin yaron. A Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa da aka kafa don wannan aikin.

Masu tambaya bismillah, a fara daga ɓangaren mata.