Maki Ɗaya Tsakanin Dattawa: Wasan Ƙarshe da Na Gani a Arizona

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da wani malamin gashi da motsa gaɓoɓi, wanda ya yi shekaru yana aiki a Amurka, ya gabatar a taron 'yan fansho. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayena da yayyena, ina yi muku barka da yamma.

An ce in zo in yi magana a kan tsufa da motsa jiki. Na san abin da kuke jira: a rage gishiri, a rage maiƙo, a taka da ƙafa bayan sallar asuba. Duk kun sha jin wannan a asibiti, wasunku ma sun fi ni haddace shi. Don haka yau labarin wasa zan ba ku, wasan da yawancinmu ba mu taɓa riƙe gorarsa ba, wato besbol, kuma na dattawa 'yan shekara 60 zuwa sama.

Sai na ɗan kwatanta wasan tukuna, in ba haka ba zan yi ta zuba ni kaɗai. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Akwai mai jifa, akwai mai duka da gora, akwai mai cafewa da ke tsugune a bayan mai dukan. Tsakanin mai jifa da mai duka mita 18 ne da 'yan kai. Idan ka doki ƙwallo sai ka yar da gora ka ruga. Zango uku ne a gabanka, na huɗun shi ne gida, inda ka taso, kuma tsakanin kowane zango da na gaba ƙafa 90 ne, kusan mita 27 da rabi. Ka zagayo gida lafiya, an samu maki ɗaya. Aka taɓa ka da ƙwallo a hanya, ka fita. Mutum uku suka fita, sai a yi musanya, masu duka su koma tsaron fili. Kuma babu agogo. Alhaji, ka ji da kyau, babu wani ɓata lokaci da ƙwallo a kusurwa har alƙali ya hura usur. (Dariya.) Kana gaba da maki ɗaya, dole ka jefa wa abokin hamayya ƙwallo har sai ka fitar da mutumin ƙarshe.

A Amurka wasan dattawa ba sabon abu ba ne. Tun 1930 akwai wata ƙungiya a garin St. Petersburg na jihar Filorida, Kids and Kubs, wadda aka kafa don 'yan shekara 75 zuwa sama. Su sofbol suke yi, ƙanen besbol, kuma tun da can an san su da shiga fili da fararen kaya da ɗan lakatayen wuya kamar masu zuwa ɗaurin aure. A 1988 wani mutum mai suna Steve Sigler ya mayar da gasar besbol ɗin da ya faro a Long Island ta zama ta ƙasa baki ɗaya, ana kiranta MSBL. Da 'yan shekara 30 zuwa sama aka soma, yanzu rukuni-rukuni ne har na 'yan 70 da ɗoriya. Duk shekara, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sukan taru a yankin Finiks na jihar Arizona, su yi babbar gasarsu a filayen da ƙwararru ke atisaye kafin kakar wasa. Lokacin zafi ya sauka ke nan, don zafin Finiks a watan Yuli, wanda ya san Sakkwato a Afrilu ya san shi.

Amma wadda ta fi burge ni ta Japan ce. A lardin Akita, a garin Kamioka da yanzu yake cikin birnin Daisen, tun 1979 ake wata gasa mai suna besbol ɗin shekara 500. Kowane ɗan wasa sai ya kai 50, sannan idan aka tara shekarun mutum taran da ke fili, sai sun kai 500. Ku yi lissafi: tara sau 50, 450 ke nan. Ba ta cika ba. To kun ga duk wanda ya sako yara 'yan 50 don su yi masa gudu, sai ya je ya roƙi wani ɗan 70 ya zo ya cika masa ma'auni. A wannan gasar tsoho ake bi har gida. Wanda ya ƙirƙiro wannan doka ya san zuciyar mutum fiye da mu ma'aikatan lafiya da yawa.

To ga wasan da na gani. Ba babbar gasar nan ba ce, ƙaramar gasar unguwanni ce a wajen Finiks, wasan ƙarshe na 'yan 60 zuwa sama. Wani majinyacina ne ya ja ni, ya ce in zo da jakata da ƙanƙara. Mutumin nan ɗan shekara 71, tsohon mai gyaran famfo, gwiwarsa ta dama ta ƙarfe ce, ni na koya masa hawan matakala bayan tiyata. Ƙungiyarsa masu jar hula, abokan karawarsu masu shuɗiya. 'Yan kallo ba su fi cikin motar bas ɗaya ba, matansu ne da jikoki, kowa da kujerarsa ta naɗewa. Benci kuwa warin man zafi kawai yake, ka ce shagon mai ɗori.

Zagaye bakwai za a yi, maimakon tara na ƙwararru; idan kowane ɓangare ya yi nasa dukan har aka fitar masa da mutum uku, zagaye ɗaya ke nan. Mai jifan shuɗaye ɗan 68 ne, siriri, tsohon ma'aikacin gidan waya. Jifansa babu ƙarfi ko kaɗan, har kana iya ganin jan ɗinkin ƙwallon tana juyawa a iska. Na ce a raina yau za a yi masa dukan sakwara. Ina! Mutumin nan ba ya jefa biyu iri ɗaya. Wannan ta zo ƙasa, waccan ta zo ta ciki kusa da hannu, ta uku ta zo a hankali har mai duka ya riga ta, ya kaɗa iska ya kusa faɗuwa. Abin ya tuna min da Satchel Paige, wanda a 1965, yana da shekara 59, ya yi wa Kansas City Athletics jifa zagaye uku a kan Boston Red Sox, ba a ci shi maki ko ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai ka tsaya kusa za ka ga yadda ake haɗin.

Ba zan bi muku zagaye-zagayen ɗaya bayan ɗaya ba. Jajaye suka fara cin biyu, shuɗaye suka rama har suka wuce, aka yi uku da uku, a zagaye na shida shuɗaye suka ƙara ɗaya saboda wani dattijo ya ɗaga kai neman ƙwallo rana ta kashe masa ido. Huɗu da uku. Aka shiga rabin ƙarshe na zagaye na bakwai, jajaye ne da duka.

Na farko ya fita. Na biyu ya fita. Matan shuɗaye har sun fara naɗe kujeru. Sai ga mutumina ya ɗauki gora. Ya bar biyu suka wuce, ta uku ya kwaɗa mata, ta bi ta tsakanin masu tsaron baya biyu tana gangarawa har katanga. Da yaro ne ya yi wannan dukan, zango na uku zai tsaya. Shi da kyar ya kai na biyu, ya dafa gwiwoyi yana haki.

A nan sai kun fahimci wata doka. A irin waɗannan gasanni akwai abin da zan kira aron ƙafa: wanda ba ya iya gudu, idan ya kai zango, wani ya karɓe shi ya ƙarasa masa. Amma a gasarsu, tun kafin a fara wasa ake rubuta sunayen waɗanda za a ara wa ƙafa, kuma adadin a ƙayyade yake. Mutumina ya hana a rubuta shi, ya bar wa wasu biyu da suka fi shi lalacewa. To ga shi a zango na biyu, shi ne makin da zai kawo kunnen doki, kuma ƙafa 180 ce tsakaninsa da gida.

A nan na yi katoɓara. Na je wajen kocinsu na ce, ai wasan nishaɗi ne, a roƙi shuɗaye su yarda a ara masa ƙafa, gwiwar nan ni na san abin da ke cikinta. Ban san muryata ta kai fili ba. Dattijon nan ya ɗago daga zango na biyu ya watso min wani kallo, ya ɗaga hannu ya yi min alamar in koma in zauna. Kocin ko kallona bai yi ba. Na koma kan akwatin ƙanƙarata, jikina a sanyaye.

Mai duka na gaba ya zo. Jifa na biyu ya tura ta sama da kan mai tsaron zango na biyu, ta faɗi a ciyawa. Duk benci aka miƙe ana ihu. Mutumina ya taso. Iyayena, gudun nan da a ce kun gan shi a titi, cewa za ku yi sauri yake kada ya rasa jam'i. Ya kewaye zango na uku, mai ba da umarni yana juya hannu kamar farfela, wuce, wuce. Mai tsaron baya, shi ma ɗan 60 da wani abu, ya tsinci ƙwallo ya jefo, ba ta iso ba, ta yi tsalle biyu a ƙasa. Mai cafewa ya durƙusa ya tare ta da ƙirji, ya damƙe. Mutumina ya ga haka, sai ya yi abin da na hana shi da bakina a asibiti, ya zube ya miƙa hannu yana jan ciki. Ƙura ta tashi. Safar hannun mai cafewa, da ƙwallon a ciki, ta sauka a kan damtsensa, yatsunsa kuma saura kamar taƙi ɗaya su taɓa gida.

Alƙali ya dunƙule hannu. Ya fita. An tashi huɗu da uku.

Bai tashi nan da nan ba, ni kuma na kwaso jaka da gudu ina cewa shi ke nan, ƙarfe ya goce. Ina isa na tarar gardama yake da alƙali daga kwance, wai hannunsa ya riga shiga. Alƙalin ya ce masa a'a, ko kusa. Babu wanda ya ce a bar wa tsoho, babu wanda ya ce ai ya yi ƙoƙari a ba shi. Mai cafewar da ya fitar da shi ne ya kama shi ya ɗaga, ya kakkaɓe masa riga, suka rungumi juna, sannan ya tafi murna da 'yan'uwansa, murna ta gaske, da tsalle iya wanda gwiwa ta yarda.

Ni ne dai bai yafe wa da wuri ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ina ɗaura masa ƙanƙara ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce da ni, ka san abin da ka so ka yi min? Ka so ka mayar da ni ɗan kallo alhali ina cikin fili. Ya ce dokar da ta rage zagaye, da wadda ta ba da aron ƙafa, duk ya yarda da su, don an yi su ne kafin wasa kuma kan kowa suka hau. Amma alfarmar da za a yi masa shi kaɗai a tsakiyar wasa, wannan sadaka ce, kuma shi bai zo bara ba.

Na shekara ina fama da mutumin nan ya riƙa yin atisayen gwiwa sau goma da safe, yana min ƙarya. Ranar da aka ce masa ƙungiya ba ta da mai tsaron zango na ɗaya, ya koma yin talatin ba wanda ya sa shi. Mu a gidajenmu, da zarar Baba ya yi ritaya sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya miƙe zai ɗauki buta a ce zauna Baba, a kawo maka. Ladabi ne, ban ce ba ladabi ba ne, ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Amma na sha karɓar irin waɗannan iyaye a asibiti bayan shekara biyar, cinyoyinsu sun zube, tashi daga kujera sai an kama su.

Kafin ya shiga mota ya kira ni, na zaci haƙuri zai ba ni. Ashe lissafi yake. Ya ce idan mutum biyu sun riga sun fita, doka ita ce kana jin ƙarar gora ka ruga, ba ka waiwaye. Shi kuwa ya tsaya ya kalli inda ƙwallon za ta faɗi. Wannan waiwayen, in ji shi, shi ne taƙin da ya rasa, gwiwa ba ruwanta. Sai ya tambaye ni kwana nawa kumburin zai yi. Na ce mako biyu, in ya ji magana. Ya ce to in rubuta masa ranar Talata, kuma in nemo atisayen da ke sa mutum ya taso daga tsaye da sauri.

Ranka ya daɗe, na ga ana nuna min agogo. Alhaji na can baya tun ɗazu hannunsa yake sama, a miƙa masa makirufo.