Kowa Na Son Hawa, Wa Zai Yi Zagi?

Wannan lacca ce da aka gabatar wata Asabar da hantsi a wani ɗakin taro a cikin birnin Kano, gaban matasa masu hawan keke da wakilan ƙungiyoyin unguwanni. Mai laccar tsohon malamin makaranta ne da ya daɗe yana hawan keken nisa. Daga faifan murya aka kwafo ta, an ɗan rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zuwa. Ƙannena 'yan keke kuma, na ga dawakanku a jingine a bakin ƙofa, Allah ya sa kun sa musu kwaɗo.

Kafin a ba ni makirufo an tambaya su wa ke son hawa keke daga nan zuwa wani gari don a tara kuɗin rijiya, hannuwa suka tashi kamar an ce ga tsire. Da aka ce to su wa za su bi a mota su riƙe jarka da famfo, ban ga hannun da ya wuce uku ba, ɗaya ma ina jin sosa kai yake yi. (Dariya.) To a kan waɗannan ukun zan yi magana.

A Amurka akwai wani tseren keke da suke kira RAAM, na ratsa ƙasar daga bakin teku zuwa bakin teku. An fara shi a 1982, mutum huɗu kacal suka shiga. Tsawonsa kusan kilomita 4,800 ne, wato ka je Legas daga Kano ka dawo, ka sake zuwa ka sake dawowa, kuma da saura. Ba irin na Faransa ba ne da ake yini ana tsere a kwana a otal. Shi wannan da an busa usur agogo ba ya tsayawa. Ka yi barci agogo na tafiya, ka shiga bayi agogo na tafiya. Mai tafiya shi kaɗai kwana 12 ake ba shi, masu karɓa-karɓa kwana 9. Wani ɗan Ostiriya, Christoph Strasser, a 2014 ya gama shi cikin kwana 7 da awa 15 da minti 56. Sau shida yana lashe tseren.

Sunan da jarida za ta buga ke nan. Amma mutumin nan yana da ayari a bayansa, wajen mutum goma, da motoci. Dokar tseren ta ce in dare ya yi dole mota ta bi mai keke a gindi, a cikin hasken fitilarta yake tafiya. Direbobin da ke nan, ku auna wannan: ka riƙe sitiyari daga magariba har asuba kana jan mota kamar mai rakiyar amarya, idonka a kan tayar bayan keke, in ka yi gyangyaɗi na ƙiftawar ido ka take mutumin da ka zo karewa. Kusa da direba akwai mai karanta hanya, don kwanar hanya ɗaya da aka ɓace sai a koma inda aka saki layi a faro. Akwai mai abinci, wanda ke rubuta duk abin da ya shiga cikin mai keken, domin a yini yana ƙona abin da zai ishi ƙarti uku. Akwai bakanike, akwai mai duba lafiya. Kuma idan ɗan rakiya ya karya doka, ba shi ake ci tara ba, mai keken ake ƙara wa lokaci.

Barcinsu kuwa awa ɗaya da rabi ne ko biyu a kwana. Bayan kwana huɗu ko biyar mutum ya fara ganin abin da babu, ya ga akwatin gidan waya ya ce mutum ne, ya zagi abokansa ya ce sun haɗa baki. A lokacin nan hankalinsa yana hannun 'yan rakiya. Su ne za su ce sauka ka kwanta, ko da yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. A 1983 wani mai suna Michael Shermer wuyansa ya saki ana cikin tafiya, ya kasa ɗaga kai ya ga hanya, har yau da sunansa ake kiran wannan ciwo. In ya kama mutum, 'yan rakiya ne ke ƙirƙirar abin da za su tallafe masa kai da shi. Yawancinsu kuma ba a biyan su ko sisi. Hutun aikinsu suke ɗauka su zo su yi kwana goma suna wanke wa wani safa.

Da yawa cikin masu shiga tseren kuɗin taimako suke tarawa, wasu na asibiti, wasu na marayu, wasu na ruwan sha. Na ruwan ne ya kawo mu.

Ba sai na karanto muku alƙaluman duniya da yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2022 mutum biliyan 2.2 ba su da amintaccen ruwan sha. Mu nan ba a takarda muka san shi ba. Tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka kafa matatar Challawa aka jawo famfo birni. Aka gina madatsar Tiga zamanin Audu Bako, aka yi matatar Tamburawa. Amma gari ya fi ƙarfin bututunsa. Yau wane ne babban mai raba ruwa a Kano? Mai kura. Jarka goma sha biyu, kowace lita 25, kilo ɗari uku ke nan yake turawa a lungu da ƙirjinsa. Ni in ana maganar 'yan wasan juriya, da shi nake farawa. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum dubu ɗari a Najeriya, sama da dubu uku suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Kuma kada wani ya ce ba a iya komai. Dattawan nan sun san kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu shi sama da dubu ɗari shida a ƙasar nan. Aka bi ƙauye-ƙauye da ƙyallen tace ruwa da haƙa rijiyoyi, su Jimmy Carter da Janar Gowon suka sa baki, a 2013 aka tabbatar babu shi a Najeriya. Yaran da ke zaune a gaba ko ganinsa ba su taɓa yi ba.

Bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Wata shekara mu bakwai muka ce za mu hau keke zuwa Daura, mu ƙare a bakin rijiyar Kusugu, mu tara kuɗin gyara famfon tuƙa-tuƙa na wata makarantar allo. Dabarar ta yi mana daɗi ƙwarai. Muka buga riguna. Muka yi hayar bas, muka zuba komai a ciki, jarkoki, tiyub, famfo, gam, burodi. Ba mu sa kowa namu a motar ba, don kowa hawa yake so. Muka ce wa direba ya riƙa bin mu a hankali. Bawan Allah ya bi mu har muka wuce Dawanau, ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ba ta wuta ya ce sai mun haɗu a Kazaure.

Mun wuce Dambatta kaɗan ƙaramin cikinmu ya taka ƙusa. Rana ta take. Gorunanmu babu ko ɗigo. Wayar direba tana ta ringin, ashe yana can ya sami mai tuwo. Muka ja kekuna gindin wata darbejiya muka zube, yaron nan leɓensa ya bushe ya yi fari, ya daina gumi, yana magana tana harɗewa. Sai ga wata yarinya daga wani gida da ke bayan gona, kakarta ta hango mu ta aiko ta da ruwa a ƙwarya. Ruwan ja ne, in ka bar shi ya kwanta za ka ga ƙasa a gindi. Mu da rigunanmu masu rubutun ruwa mai tsafta muka karɓa hannu biyu muka sha muna godiya. Na tambayi yarinyar daga ina suke ɗebowa, ta nuna can da baki, ta ce famfon garin ya fi shekara da lalacewa.

Da a ce mun tambayi kakanninmu da ba mu yi wannan wauta ba. Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro watanni suke yi a hanya, kuma ayarinsu a tsare yake. Akwai madugu uban tafiya. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya. Akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai riƙe lissafi. Ko hawan Daushe ku duba. Kuna kallon mahayi da alkyabba da rawani, amma wa ya kwana yana yi wa dokin wanka? Wa ke gefe a ƙasa yana riƙe da linzami in doki ya tsorata da bindiga? Zagi. Ba a yi masa kirari, amma babu basaraken da zai fita ba shi.

To in za ku yi, madugunku kada ya hau keke. Ya zauna a mota, kuma maganarsa ce ta ƙarshe. In ya ce wane ya sauka, ya sauka, ko da shi ne ya sayi rigunan. Mota biyu: ɗaya a baya ba ta wuce na ƙarshe ko da me, ɗaya tana gaba tana shirya zango. Direba ya zama naku ne, wanda ya san abin da aka fito yi. Mai faci ku ɗauko na bakin titi na gaske, wanda zai cire tiyub ya liƙe kafin ka gama shan ruwa. Ku nemi 'yan agaji, sun saba da taro, sun san mutumin da rana ta buga. Ruwan gishiri da sukari kuwa kowa ya haddace: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya daina gumi ya fara sambatu, wannan ya wuce jarka, inuwa da jiƙa jiki da asibiti.

Abin da Amurkawa ke yi da dare, ku bar musu. Hanyoyinmu ba na tafiyar dare ba ne, kun fi ni sanin dalili. A tashi bayan asuba, a sauka kafin azahar, a ƙarasa da la'asar. Kada ku sa shi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura 40. Sanyin Disamba ya fi, sai dai ranar da hazo ya sauko direban tirela ba zai gan ku ba sai ya zo kanku, don haka riga mai ƙyalli dole ce. Takarda ga hukumar kiyaye haɗurra da 'yan sanda da KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, tun da sauran makonni. Jagaba ya je ya gaida hakimi ko dagacin duk garin da za ku yada zango. Gaisuwar nan ta fi jiniya amfani.

Sai maganar kuɗi, inda zumunci ke mutuwa. Akwai wata ƙungiya a New York, charity: water, da Scott Harrison ya kafa a 2006. Tsarinsu aljihu biyu ne: abin da jama'a suka bayar duka ruwa yake tafiya, albashi da hayar ofis wasu masu hali ne daban ke biya. Ku kwaikwayi wannan. Man mota da abinci da riguna, ku nemi alhajin da zai ɗauka, ko ku yi karo-karo. Naira ɗari biyar ɗin da mai ƙosai ta bayar don rijiya, haramun ne ta koma fetur. Malamin ayarinku ya rubuta kowace naira, a liƙa a ƙofar masallaci, a tura a WhatsApp. Ni a ganina a ba mace wannan littafi. Na ga adashin da Hajiyoyi suka riƙe shekara goma ba a ji kansu ba, ban ga kwamitin maza da ya yi haka ba. (Dariya da tafi.)

Malamai suna nan, sun fi ni sani. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Sayyadina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Ladan ba a kan sirdi kaɗai yake ba.

Da aka buɗe fagen tambaya, wani matashi ya miƙe ya ce: Malam, in dai ruwa ake so, me ya sa ba za a tara kuɗin kawai a haƙa ba, sai an wahalar da kai a titi?

Mai lacca ya ce: Ƙanena, tambayarka ta fi laccata. In akwai wanda zai ba ka kuɗin burtsatse a zaune, karɓi ka bar keken a gida. Amma ka gwada yawo da takardar neman taimako kanti-kanti a kasuwar Kwari ka ga amsar da za ka samu. Mutane sun gaji da takarda. In suka ga ɗan unguwarsu ya taka keke har Daura, rediyo ta faɗa, sai hannu ya saki. Keken shela ce. Ranar da kuɗin shelar ya fi abin da aka tara, a daina.

Wata Hajiya daga baya ta ce ita tambayarta, bayan an haƙa an yi hoto an watse, ranar da ya lalace wa za a nema?

Ya ce: Hajiya, Allah ya saka da alheri, famfon garin yarinyar nan ke nan. Kafin a kawo injin haƙa a zauna da mai unguwa da liman da matan da za su riƙa ɗiba. A fitar da mutum uku masu kula, a koya wa saurayi ɗaya canza roba da ɗaure bututu, a ajiye wani kaso na kuɗin don gyara, a yarda da ɗan abin da za a riƙa sakawa a asusu duk jarka. A sa masana su auna ƙasa tukuna, a kai ruwan a gwada, musamman in kusa da masai ne ko inda ruwan masana'antu ke bi. 'Yan rakiyar nan su ne za su koma bayan wata shida su murɗa famfon da hannunsu su gani.

Ya duba agogo ya ce an kusa kiran azahar. Takarda na bakin ƙofa, layi biyu ne. Na masu hawa ya cika tun ɗazu, a daina rubutu a gefensa. Ana neman direba biyu, mai faci ɗaya, da wanda ke da ɗan'uwa a Kazaure da zai ba da tsakar gida a yada zango.