Zazzaɓin da ke biyo bayan allurar sauke kalsiyam

(Daga laccar da wani likita ya gabatar wa masu jinya a Gadarif ta ƙasar Sudan, aka naɗa aka rubuta)

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana.

Idan sankarar mama, ta huhu ko ta ɓargo ta sa kalsiyam, wato sinadarin da ke cikin ƙashi, ya yi yawa a jini, majiyyaci yakan yi ta jin ƙishirwa da yawan fitsari, cikinsa ya ɗaure, wani ma ya rikice har a ɗauka iska ce ta taɓa shi. Mukan fara da ƙarin ruwa, sannan mu sa allurar zoledironik asid, wadda kuke gani a kwalba da sunan Zometa, miligiram 4 ta jijiya, a hankali cikin minti 15 ko fiye. Aikinta ba ya bayyana sai bayan kwana 2 zuwa 4, amma wahalarta takan riga amfaninta isowa, kuma a nan ne hankalin dangi ke tashi.

Wata baiwar Allah ta kawo mahaifiyarta washegarin allurar, an lulluɓe ta da bargo biyu duk da zafin garin nan, tana karkarwa tana cewa ƙasusuwanta kamar an daka su a turmi. 'Yar ta riga ta sayo maganin maleriya, kuma ban ga laifinta ba, domin a ƙasar nan kowane zazzaɓi sauro ake ɗora wa. Gwaji bai nuna maleriya ba. Irin wannan masassara takan zo ne bayan allurar farko, ta lafa cikin kamar kwana 3, kuma da wuya ta dawo da ƙarfinta a ta biyu. Farasitamol ya isa, amma ku guji diklofenak da ibufurofen, saboda ƙodar da allurar ke bi ta cikinta ta riga ta gaji. Wanda yake kan kemo kuwa, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ko yaya jikinsa ya yi zafi a kawo shi ranar, kada a jira.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ya zuwa da hayaniya. Idan leɓe da yatsu suka fara mutuwa ko jijiya ta riƙa ɗaurewa, kalsiyam ya sauka fiye da kima, wanda ya fi faruwa da denosumab, wata allurar sauke kalsiyam da ake yi ta ƙarƙashin fata. Kada kuma a cire wa majiyyaci haƙori sai an gaya wa mai cirewar allurar da yake karɓa, domin ƙashin muƙamuƙi yana iya ƙin warkewa.