Tada injin jirgin ruwa a kan tudu: ta ina ruwan zai shiga?

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan ana ta yawo da bidiyo iri biyu a wayoyi, kan injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale. A ɗaya, mutum ya ɗaure inji a jikin katako, ya ja igiya, inji ya tashi a bushe, shi kuwa sai murmushi yake, wai ya nuna wa mai saye lafiyarsa ƙalau. A ɗayan an jona tiyo a saman inji, ruwa na zuba, an tada shi ana ba shi wuta. Aka yi ta tsine wa na farko ana yaba wa na biyu. To, su duka biyun ɓarna suke yi, kuma abu guda suke kashewa.

Ga abin nan. Impela ke nan, 'yar roba mai fukafukai. Mazauninta cikin famfon ruwa ne, a ƙafar inji, daidai saman gidan giya. Irin wannan injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan da yake tafiya a kai shi yake zuƙa ta wasu 'yan ramuka na gefen ƙafa, impela ta tura shi sama ya zaga kan inji, ya sauko ya fita tare da hayaƙi. Kuma ruwan nan ne yake ba robar santsi a cikin kofin ƙarfen da take juyawa. In babu shi, roba na gogar ƙarfe a bushe, 'yan daƙiƙu sun isa su ƙona ta. Ka kwatanta sabuwa da wadda aka tada a bushe. Sai ka ga fukafukai biyu sun guntule. Ina suka tafi? Sun haye sama sun maƙale a hanyar ruwa, sai ranar da kake tsakiyar kogi da lodi inji ya ɗauki zafi.

Wani zai ce, ai a firi na bar shi, farfela ba ta juyawa. Farfela ce kaɗai ta tsaya, malam. Sandar da ta sauko daga kan inji tana juyawa muddin inji na aiki, impela kuwa a jikinta take. Giya a can ƙasa ake shiga da fita, bayan an wuce famfo. Firi ba ya ceton impela ko kaɗan.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa, a nan zan ɗan daɗe. Injuna da yawa, musamman manyan na zamani, suna da wani bakin tiyo a sama, kusa da murfi. Kana ganinsa sai ka ce an gama, ga ruwa, bari in tada. Kar ka tada. Wannan baki yana zuba ruwa ne kai tsaye cikin hanyoyin kan inji, da ƙarfin famfon gidanka, ya wanke su ya gangaro. Impela tana ƙasa, abincinta daga ƙasa yake zuwa, ta ramukan nan da na ambata. Ɗan abin da ya gangaro mata daga sama bai isa a dogara da shi ba. Littafin Yamaha ya faɗa ƙarara cewa ba a amfani da wannan baki inji na aiki, don famfon ruwan injin zai iya lalacewa. A kashe ake yi, ka saki ruwa kamar minti 15, ka rufe, ka mayar da bakin ka ɗaure shi tamau. In ka manta shi a kwance, ruwan sanyaya inji ta nan zai riƙa tsiyayewa ranar da ka shiga kogi.

In kuwa so kake inji ya yi aiki, dole ruwa ya shiga ta ƙasa. Hanya biyu ce. Ta farko kunnuwan roba, wato faifayen roba biyu da ke matse ƙafar inji ta gefe da gefe. Ka ɗora su su rufe ramukan ruf, ka jona tiyo, ka buɗe ruwa har ka ga yana feshi ta gefe, sannan ka tada. Ta biyu durom, kuma ni na fi yarda da shi ga ƙananan injuna irin su Yamaha Enduro 15 da 40 da suka cika Yawuri, Kainji da Tafkin Chadi, don famfonmu yana iya ɗaukewa ba sallama. Amma ruwan durom sai ya haye wannan faffaɗan faranti na saman farfela da kyau, har ya shanye gidan famfo. Tsoma farfela kawai wasa ne.

Ya tashi. Idonka a kan wani siririn ruwa da ke tsartuwa ta baya, fitsarin inji, a yi mini afuwa. In bai fito ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe. Sau da yawa laka ce ko gidan zanzaro ya toshe bakin, siririyar waya ta isa. In ka zura kuma shiru, sai bakanike.

Sauran da sauri. Giya a firi, yara su matsa, in da hali ma a cire farfelar. Kar ka taɓa totur. Inji ba lodi, ƙara kawai za ka yi wa maƙwabta, kuma zai zuƙi ruwa fiye da abin da tiyo ke kawowa. Bar shi ya ɗumama minti 10 zuwa 15 don ruwan ya zaga ko'ina. A fili, ba cikin shago a rufe ba, hayaƙin nan yana kisa. In ka gama, inji ake fara kashewa, sannan ruwa.

Masu aiki a ruwan gishiri, Legas ko Tema ta Gana, ku kullum ne in an dawo, don gishiri yana bushewa a ciki ya ci ƙarfe. Mu na kogi, yashi da laka ne abokan gabarmu, musamman da damina in ruwa ya yi ja. Bayan wanki a bar inji a tsaye, kar a kishingiɗe shi sai ruwan ciki ya gama tsiyayewa. Kai kuma mai saye, duk wanda ya tada maka inji a bushe, ka cire kuɗin sabuwar impela da na aiki kafin ku yi ciniki.